Tambayi Likita: Agogon da ake cewa yana gane tashin farfaɗiya

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Saƙonnin da suka shigo mana 'yan makonnin nan da yawansu a kan farfaɗiya ne, musamman agogunan nan da na'urorin da ake ta yawo da bidiyonsu a Facebook da TikTok, wai suna gane tashin ciwon har su kira 'yan'uwa a waya. Sai na ga gara in tattaro su a fili ɗaya. Sunaye dai kamar kullum mun sakaya.

TAMBAYA: Salam likita, ya aiki ya haƙuri da mu. Dan Allah yarona ne ɗan shekara 11 yake da farfaɗiya tun yana aji biyu a firamare, yana shan magani kuma Alhamdulillah da sauƙi amma har yanzu takan tashi masa kuma yawanci cikin dare ne, wallahi likita rabona da barci mai daɗi har na manta, motsi kaɗan zai yi na farka, to shi ne ƙanina da yake karatu a Ingila ya ce akwai wani agogo da ake ɗaura wa yaro idan ciwon ya tashi sai ya kira wayata, ya ce zai tara kuɗi ya sayo mana. Ni kuma bana so yaro ya yi asarar kuɗinsa a banza. Da gaske akwai? kuma ya akai agogo zai san ciwo ya tashi? zai hana shi tashi ne? Daga wata uwa a Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya, ke kuma Allah ya saka miki da alheri, jinyar dare ba wasa ba ce. Ƙaninki gaskiya ya faɗa miki, akwai. Amma bari in fara da tambayarki ta ƙarshe don kada ki sa rai inda ba rai: ba ya hana ciwon tashi ko kaɗan, ba magani ba ne. Aikinsa irin na maigadin da ba shi da ko sanda ne, idan ya ga abu sai ya ƙwala ihu, sauran aikin na mutanen gida ne.

Yadda yake ganewa kuwa, agogon ba ya ganin abin da ke faruwa cikin ƙwaƙwalwa, abin da ciwon ke sa jiki ya yi shi yake karantawa. Idan babbar farfaɗiyar nan ta tashi, wadda mutum zai sandare tukuna sannan ya kama jijjiga, hannu na yin wata irin karkarwa mai tsari, da sauri da sauri sannan ta dinga raguwa, kuma a cikin agogon akwai ɗan abin auna motsi irin wanda ke cikin wayarki da ke sa hoto ya juya idan kin karkata ta. Sannan zuciya na ƙara gudu sosai, wani lokacin ma tun kafin jijjigar ta bayyana. Akwai kuma fata, jijiyoyin da ke sa mutum gumin tsoro suna tashi da ƙarfi a lokacin ciwon, kuma fata mai ɗan danshi ta fi busasshiya barin lantarki ya ratsa ta, to wasu agogunan suna da 'yan ƙarafa biyu a ƙasansu masu taɓa fata suna auna wannan. Manhajar da ke ciki ce ke haɗa waɗannan alamomin, idan ta ga sun yi kama da na ciwo sai ta tura wa wayar da ke kusa, wayar ta kira lambobin da aka saka ta kuma tura saƙo.

Maganar fatar nan ma tsintar ta aka yi. Wata farfesa ce a jami'ar MIT ta Amurka, Rosalind Picard, take bincike a kan auna damuwa a jikin yara masu lalurar otizim, wadda ke shafar magana da mu'amala da mutane, sai wani ɗalibinta ya ari na'urar lokacin hutu ya ɗaura wa ƙaninsa. Da take duba bayanan ta ga awon hannu ɗaya ya yi tashin da ta zaci na'urar ce ta lalace, da aka bincika ashe gab da babbar farfaɗiya ta tasar wa yaron ne. Daga baya ita da wasu suka kafa kamfanin Empatica, agogonsu mai suna Embrace ya samu amincewar hukumar FDA, wato takwarar NAFDAC a Amurka, a farkon 2018, sannan kamar shekara guda bayan haka aka amince a ɗaura wa yara daga shekara 6 zuwa sama. Ina kyautata zaton irinsa ƙaninki ya gani.

Amma ni da za a bi shawarata, tunda ciwon yaronki na dare ne, ki ce masa ya duba wata mai suna NightWatch, 'yan ƙasar Holan ne suka yi ta. Ita a dantse ake ɗaura ta lokacin kwanciya kawai, tana auna bugun zuciya da motsi, kuma tana zuwa da wani ɗan akwati da za ki ajiye a ɗakinki, shi ne zai yi ƙara, ba sai da data ko sabis ba indai a cikin gida ne. An gwada ta a kan mutum 28 a gidajen kula da marasa lafiya a can Holan, sakamakon ya fito a 2018, ta kama kusan kashi 85 cikin 100 na manyan tashin ciwo na dare, irin na sandarewa da jijjiga kuwa kashi 96, alhali wata shimfiɗa mai gano motsi da ake sakawa ƙarƙashin katifa da aka gwada su tare kashi 21 kacal ta kama. Kin ga dai duk kyanta akwai wanda ke wuce ta.

Kafin ya biya kuɗi akwai abin da zai tambayi masu sayarwa. Shin na'urar na kiran lambar Najeriya? Shin akwai kuɗin wata-wata, don irin su Embrace bayan kuɗin saye sai an dinga biyan kuɗin sabis ɗinsu kuma da kuɗin waje ne, wanda a halin da naira ke ciki ba ƙaramin abu ba ne. Sai maganar wuta, abin hannun na son caji a kai a kai, akwatin NightWatch ma a jone yake kwana, idan unguwarku irin wadda ake kwana uku ba a ga wuta ba ce to sai an tanadi sola ko wani abin da zai riƙe shi. Kuma ki faɗa wa likitan da ke duba yaron cewa har yanzu ciwon na tashi da dare, ki faɗi sau nawa a wata, don yaro na girma nauyinsa na ƙaruwa, awon maganin da ya ishe shi yana shekara 8 ba lallai ya ishe shi yanzu ba. Wannan ya fi agogon gaggawa.

TAMBAYA: Likita barka da aiki. Ni saurayi ne shekarata 26, ina da wannan lalurar tun ina sakandare, yanzu na samu aiki a Abuja ina zaune ni kaɗai a ɗaki ɗaya, iyayena suna Katsina. Na karanta a intanet wai masu farfaɗiya suna mutuwa cikin barci haka kawai, tun ranar hankalina bai kwanta ba. Idan na sayi agogon na saka lambar mahaifiyata da ta yayana shikenan na tsira? Gaskiya bana son mutanen gidan da nake haya su san ina da ita, kasan halin mutane. Daga wani matashi a Abuja.

AMSA: Ƙanena, abin da ka karanta gaskiya ne, likitoci na kiransa SUDEP, wato mai farfaɗiya ya rasu farat ɗaya ba tare da haɗari ko faɗawa ruwa ko wani dalili da za a nuna ba. Amma ka san girmansa kafin ka hana kanka barci, don rashin barcin ma shi kansa yana tayar da ciwon. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka a jagorar da ta fitar a 2017 ta ce a duk shekara yakan samu kamar mutum 1 cikin manya 1,000 masu farfaɗiya, a yara kuma 1 cikin 4,500. Kuma haɗarin ba daidai yake a kan kowa ba, ya fi taruwa a kan wanda babbar farfaɗiya ke yawan tasar masa, wanda take tasar wa sau uku ko fiye a shekara haɗarinsa ya ninka kamar sau 15. Wanda magani ya riƙe shi ciwon ya daina tashi, nasa ƙanƙani ne ƙwarai.

Wani bincike da aka wallafa a 2013 ya bi bayanan mutanen da abin ya same su suna kwance a sashen awon ƙwaƙwalwa a asibitoci, da kyamara da komai a kansu. Abin da aka gani shi ne bayan babbar jijjigar ta lafa, yawanci cikin dare, numfashi ne ke fara tsayawa sannan zuciya ta biyo baya, duk cikin 'yan mintoci, kuma waɗanda aka ceto su ne waɗanda ma'aikata suka isa kansu nan da nan. Da yawan waɗanda ake tsinta a gida kuma rub da ciki ake samunsu, fuska cikin filo. To ka dubi tambayarka da kyau. Ƙarfe uku na dare agogo ya kira Hajiya a Katsina, me za ta iya yi maka banda salati da kuka? Yayanka ma in ba a gidan yake ba kafin ya samu abin hawa an yi an gama. Amfanin na'urar yana ga wanda zai iya isowa kanka cikin minti biyu ko uku, ya juya ka ta gefe, ya janye filo daga fuskarka, ya zauna da kai har ka farfaɗo. Shi ya sa binciken da aka yi a Suwidin ya nuna wanda ke da babbar farfaɗiya kuma yake kwana shi kaɗai haɗarinsa ya fi na mai abokin kwana nesa ba kusa ba. Kuma ka sani har yau babu binciken da ya tabbatar kai tsaye cewa ɗaura agogo ya rage wannan mutuwar, hujjar masu ba da shawararsa ita ce yana kawo mutum da wuri. Ƙungiyar yaƙi da farfaɗiya ta duniya ma da ta ba da shawarar amfani da su a 2021, sharaɗin kenan da ta gindaya, a samu wanda zai kawo ɗauki cikin 'yan mintoci.

Na fahimci tsoronka na kada a sani, na san yadda ake fasa aure a kori mutum daga aiki a kan wannan lalurar, kuma zalunci ne tsagwaronsa. Ba na ce ka yi shela a tsakar gida ba. Mutum ɗaya za ka zaɓa, mai hankali mai riƙe sirri, ka zaunar da shi ka faɗa masa, ka nuna masa abin da zai yi, ka ba shi makulli ɗaya don agogo ya yi ta kira ƙofa a kulle ta ciki ma aikin banza ne. In da hali ka samu abokin zama, ko wani ƙani daga gida ya zo ku zauna tare, wannan ya fi agogon ma. Ka rage filo mai laushi, ka guji kwanan rub da ciki, kada ka kulle banɗaki kana wanka, maganinka kuwa ko Katsina za ka je kwana ɗaya ya zama shi ne farkon abin da ya shiga jaka.

TAMBAYA: Malam likita ina wuni. A kasuwa nan Maraɗi akwai agoguna masu auna bugun zuciya da ƙirga taku, jaka goma ma ana samu. Ba za su yi wannan aikin ba? Kuma an ce akwai wanda ke faɗa wa mutum tun kafin ciwon ya zo, haka ne? Daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi.

AMSA: Lafiya lau Alhaji. Ba za su yi ba. Abin auna motsi da na bugun zuciya suna da shi, amma ba su da manhajar da aka horar da bayanan masu ciwon na gaskiya aka kuma gwada ta a asibiti tare da awon ƙwaƙwalwa, wadda ita ce tsadar abin. Wasu na arahar ma ka ɗaura wa ƙafar kujera sai su ba ka bugun zuciya. Duk wanda ya ce maka nasa na gane farfaɗiya ka tambaye shi wace hukumar lafiya ce ta amince da shi don wannan aikin takamaimai.

Shi kuwa mai faɗa wa mutum tun kafin ciwon ya zo, har yanzu yana hannun masu bincike. An taɓa gwadawa a Ostareliya, aka dasa wa mutum 15 na'ura a cikin kai tana sauraron ƙwaƙwalwa dare da rana tana kunna musu fitila idan haɗari ya ƙaru, sakamakon ya fito a 2013, ta yi wa wasu aiki wasu kuma bata yi ba. Agogon da ke kasuwa yau sai ciwon ya fara yake ganewa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita, ƙanwata ce budurwa, ita bata faɗuwa bata jijjiga, kawai kuna cikin hira sai ta yi zuru ta ƙura wa waje ɗaya ido tana taune-taune da baki tana murza bakin hijabinta, ka yi mata magana bata ji, kamar minti ɗaya sai ta dawo kuma bata san anyi ba. A gida an ce mutanen ɓoye ne anyi ruƙiyya har an gaji. Wata ƙawata nas ta ce zai iya zama farfaɗiya. In mun sayi agogon zai nuna mana ko ita ce? Daga wata 'yar'uwa a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ƙawarki ta yi tunani mai kyau, abin da kika kwatanta ya yi kama sosai da nau'in farfaɗiyar da ke tashi daga wani yanki ɗaya na ƙwaƙwalwa, yawanci ta wajen da ke saitin kunne, kuma mutane da yawa suna shekaru da ita ba a gane ba saboda mu in ba a ga faɗuwa da kumfa ba ba ma kiranta farfaɗiya. Amma kada ku sayi agogo don wannan. Tunda hannu ba ya jijjiga ba abin da zai gani, zai yi shiru ne ku kuma ku ɗauka lafiya lau, kuma dama ba a yi shi don tantance ciwo ba.

Na'urar da za ta taimaka muku tana hannunki, wayarki ce. Idan abin ya zo ki ɗauki bidiyo, fuska da hannaye duka su fito, ki kira sunanta a cikin bidiyon, ki ce ta ɗaga hannu, ki faɗa mata wata kalma ki ce ta riƙe sannan bayan ta dawo ki tambaye ta, kuma kada ki katse da wuri don yadda take dawowa hayyacinta ma likita na son gani. Bidiyon na likita ne kaɗai, kada ya shiga gurup ɗin dangi, budurwa ce. Ki samu littafi ki dinga rubuta rana da lokaci, ke za ki rubuta ba ita ba, don wani bincike a birnin Bon na Jamus ya gano marasa lafiya ba sa sanin fiye da rabin tashin ciwonsu, tunda ciwon ne da kansa ke shafe tunanin. Da bidiyon da littafin sai ku nemi likitan ƙwaƙwalwa, daga Gusau Asibitin Koyarwa na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ko na ABU a Shika su ne kusa, akwai kuma na Malam Aminu Kano. Zai iya tura ku awon EEG, wanda ake manna 'yan wayoyi a fatar kai suna ɗauko lantarkin ƙwaƙwalwa, ba allura ba zafi ba a sa wa mutum wuta. In awon ya fito ba komai ba yana nufin babu ciwon ba, don ana iya yinsa a lokacin da ƙwaƙwalwar ke zaune lafiya.

Addu'a kuwa ku ci gaba, ba ta hana zuwa asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da tashin ciwon in an gano shi an ba su maganin da ya dace. Abu ɗaya, tunda budurwa ce mai shirin aure, in za a rubuta mata magani ku tuna wa likita wannan, don akwai irin su Epilim da ke iya cutar da jariri a ciki. Kafin nan a raba ta da girki ita kaɗai a gaban wuta da jan ruwa a rijiya.

TAMBAYA: Likita mu kam mun samu agogon, babanta ya kawo daga waje, amma ya ishe mu, yarinya na goge baki sai ya kira, tana daka ya kira, ranar nan a Keke Napep ma ya kira babanta yana ofis hankalinsa ya tashi. Lalacewa ya yi? Kuma ran da ya kira da gaske kakarta ta zo da cokali za ta tura mata a baki muka yi ta rigima, wa ke da gaskiya? Daga wata uwa a Kano.

AMSA: Bai lalace ba Hajiya, halinsu ne duka. Goge baki, daka, wanki, tafi, hanya mai gargada, duk motsi ne mai maimaituwa da ke kama da jijjiga, kuma masu ƙera shi sun gwammace ya yi kiran ƙarya da ya yi shiru ran gaskiya. Yawancinsu kafin su kira sukan ɗan yi rawa a hannu na wasu daƙiƙoƙi, ki koya mata ta danna ta soke idan lafiyarta lau. In za ta yi daka kuma kina tsakar gidan tare da ita ta cire, ta mayar in ta gama. Abin da nake tsoro shi ne ku gaji ku daina ɗaga kiran, ko a ajiye shi a durowa, don haka in dole sai an zaɓa to daren ne ba a wasa da shi. Ki duba ma ko ya yi mata sako-sako a hannu.

Maganar cokali kuwa ke ce da gaskiya, amma a bi Kaka a hankali, ƙauna ce ta sa ta. Mutum ba ya haɗiye harshensa, cokali sai dai ya karya haƙori ko ya yanka dasashi, yatsa kuma a cije shi. Ba a danne ta, ba a ɗura mata ruwa ko rubutu ko manja tana cikin ciwon don zai iya wucewa huhu, ba a kara mata hayaƙi ko kai ƙafarta kusa da wuta. Kuma yawunta ba ya sa wa kowa ciwon, a gaya wa yaran gida da maƙwabta wannan don su daina gudu. Idan agogon ya kira da gaske ki duba lokaci, ki janye abin da zai ji mata ciwo, ki sa tsumma ko zani a ƙarƙashin kanta, ki sassauta hijabi ko wuyan riga, da jijjigar ta lafa ki juya ta ta gefe yawu ya zubo, ki zauna da ita kina kallon numfashinta har ta gane ki. In jijjigar ta wuce minti 5, ko wata ta biyo wata bata farfaɗo a tsakani ba, ko numfashinta bai dawo daidai ba, ko ta ji rauni a kai, to a ɗauke ta sai asibiti mafi kusa, kuma a tafi da kwalin maganinta.